Mage Ta Bar Gida, Tari Bai Bari Ba

A gidan yayana da ke Zariya an yi wata farar mage mai baƙin tabo a kunne, wadda ta shekara huɗu tana kwana a ƙarshen gadon yara. Ita ta raba ɗakin ajiya da ɓeraye, kuma jelarta autar gidan ta riƙa bi har ta iya rarrafe. Kyanwar Lami ce ta gaske, ba cizo ba yaƙushi. Da ƙafa ta fara gagarar mahaifiyarmu Hajiya, aka ɗauko ta daga ƙauye ta dawo gidan da zama. Tana da asma tun ƙuruciya, amma irin wadda kan shekara ba ta motsa ba. Kafin ta cika wata guda sai ga ta tana tashi zaune cikin dare, hannuwa dafe da gwiwa, ƙirji na fito kamar tsagaggiyar sarewa. Sau biyu aka garzaya da ita asibiti kafin asuba. A karo na biyu likita ya tambaya ko akwai dabba a gidan, da aka ce akwai, ya ce to a zaɓa.

Aka ba da magen. Mako biyu, mako uku, tari na nan yadda yake. Babban yaron gidan ya tare ubansa a zaure ya ce, "Baba, ai ga shi Hajiya ba ta warke ba. Ashe zaluntar magen kawai aka yi." Ita ma Hajiya ta ji, ta ce a dawo wa yara da abarsu, ita ta saba da ciwonta. Babu wanda ya san amsar da zai ba su. Amsar kuwa tana nan, kuma tana farawa ne daga sanin abin da jiki ke faɗa da shi.

Likitoci na kiran wannan matsala alaji, kalmar da wani likitan yara na birnin Biyana, Clemens von Pirquet, ya ƙirƙiro a 1906. A Hausa muna da borin jini, wato ƙurajen nan masu ƙaiƙayi da kan feso wa mutum bayan ya ci abin da bai karɓe shi ba. Wannan reshe ɗaya ne kawai na abin. Idan muka ce borin garkuwar jiki mun fi kusa da ma'anar gaba ɗaya: garkuwar da aka tanada don yaƙar cuta ce ke tayar da ƙayar baya a kan abin da ba ya cutarwa, kamar garin fure, ko gyaɗa, ko yawun mage.

Abin ba ya faruwa a haɗuwar farko. Da farko jiki yana karatun baƙon ne a ɓoye. A jikin wasu mutane, galibi waɗanda suka gaji halin daga iyaye, garkuwa kan yi kuskure ta rubuta sunan baƙon cikin abokan gaba, sai ta ƙera masa wasu 'yan ƙugiyoyi da ba su kama kowa sai shi. Sunan wannan ƙugiya IgE. Wasu ma'aurata 'yan Japan, Kimishige da Teruko Ishizaka, da ke aiki a Denba ta Amurka, da kuma wasu masana biyu a Upsala ta Suwidin, su suka gano ta tsakanin 1966 da 1967. Ƙugiyoyin kan je su maƙale a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a cikin hanci da ido da fata da bututun numfashi. Ana kiran su ƙwayoyin mast, kuma kowace ɗaya tamkar jaka ce cike da sinadarai masu zafi, mafi shahara a cikinsu shi ne histamin. Daga nan tarko ya ɗanu. Ranar da baƙon ya sake shigowa ya taɓa ƙugiyoyin, jakar sai ta zazzage abin da ke cikinta. Cikin 'yan mintoci hanci ya fara yoyo, atishawa ta jeru, ido ya yi ja. Ƙwayar Piriton da mutane ke sha idan haka ta faru, aikinta shi ne toshe wa histamin hanya.

A mai asma, rikicin yana sauka har ƙasa. Naman da ke zagaye da bututun numfashi ya tsuke, bangon ciki ya kumbura, majina mai kauri ta taru, iska ta rasa hanyar fita sai da matsi, shi ne fiton da ake ji. Akwai kuma zagaye na biyu da mutane da yawa ba su sani ba. Bayan sa'o'i huɗu zuwa takwas wasu sojojin jiki kan iso wurin su sake hura wutar. Saboda haka wanda mage ta zauna kusa da shi bayan sallar magariba, yana iya kwana lafiya har ƙarfe biyun dare, sannan numfashi ya sarƙe, a lokacin da magen ba ta ko kusa. Wanda kuma ke zaune da ita kullum ba lallai ne ya ga wani tashin farat ɗaya ba. Kumburin ya zama ɗan gida, sai dai ya lura abin shaƙarsa na ƙarewa da wuri. Wannan ba ƙaramin ciwo ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ne ke da asma a 2019, ta kuma kashe 455,000 a shekarar, yawancinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Mun taso muna jin cewa gashin mage ne ke shiga ƙirji ya kawo fuka. Gashin tamkar jaki ne kawai, kayan da ya ɗauko shi ne matsalar. Kayan wani furotin ne da ake kira Fel d 1, wanda John Ohman da abokan aikinsa suka ware a Amurka a farkon shekarun 1970. Kusan tara cikin goma na masu bori da mage shi jikinsu ke ƙi. Mage na samar da shi a cikin yawunta da kuma maiƙon fatarta. To ita kuwa ba ta da aikin da ya wuce lasar jiki. Yawun ya bushe a kan gashi, ya haɗu da ɓurɓushin fata mai kama da amosani, ya tashi cikin iska. Kowace mage na yin sa, mai dogon gashi da mai gajere, har da irin wadda ba ta da gashi sam. Muzuru ya fi mace yawan fitar da shi, kuma idan aka yi masa fiɗiya yakan ragu, amma ba ya ƙarewa.

Abu biyu ne suka sa wannan furotin ya fi sauran wuyar sha'ani: rashin nauyi da danƙo. Wani kaso mai yawa nasa yana tafiya ne a kan ƙwayar ƙura da ba ta kai maikiron biyar ba. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma kaurin silin gashin mutum ya kai kimanin saba'in. Ƙura mai nauyi, in an kaɗa ta, takan koma ƙasa cikin ɗan lokaci. Wannan kuwa tana iya yin sa'o'i tana shawagi a ɗaki, kuma ƙanƙantarta ta ishe ta wucewa har cikin huhu. In ta sauka sai ta manne: a bango, a labule, a cikin soson kujera, a darduma, a hijabi da rigar makaranta. An auna an same ta a ajujuwa da asibitoci da motocin haya, wuraren da mage ba ta taɓa takawa ba. A Suwidin masu bincike sun bi yara masu asma da ba su da mage a gida, suka ga ciwonsu na ƙaruwa bayan komawa makaranta idan ajinsu na da yara da yawa masu mage. Tufafin abokan karatu ne ke kawo musu ita.

Wannan ya warware mini abin da ya ɗaure mana kai a kan Hajiya, domin a ƙauye ma ba a rasa mage a gidanta ba. Sai dai magen ƙauye a gindin rumbu take wuni, ɗakin kwana kuma daɓe ne da tabarma da ake kaɗewa a shanya a rana, iska na shiga tana fita. Gidan birni kuwa kafet ne daga bango zuwa bango, ga manyan kujerun kushin, ga labule mai kauri, ga tagogi a rufe saboda sauro da ƙura. Dabbar iri ɗaya ce, gidan ne ya zama ma'ajiya.

Ma'ajiyar kuma ba ta zama wayam don an fitar da mai cika ta. A 1989 Robert Wood da abokan aikinsa na jami'ar Johns Hopkins a Baltimo suka bi gidaje 15 da aka fitar da mage, suna ɗibar ƙura suna aunawa. Furotin ɗin ya riƙa raguwa sannu a hankali. Sai bayan mako 20 zuwa 24 gidaje takwas daga ciki suka sauko daidai da gidan da ba a taɓa ajiye mage ba. Wato wata biyar zuwa shida, kuma kusan rabin gidajen ba su kai ba ko a lokacin. Inda aka cire kafet aka yi gagarumin wanki, ya fi saurin sauka. A cikin katifa kuwa yana iya yin shekaru. Yaron da ya yanke hukunci bayan mako uku bai yi rashin hankali ba, ya dai auna abin da ma'aunin da ya yi masa gajarta.

Nan ne wata dabara mai sauƙi ke fitowa, wadda da mun san ta da mun fara da ita. Tunda fitar da mage ba ya ba da amsa da wuri, mai ciwon ake fitarwa. Ya je ya yi mako ɗaya ko biyu a gidan da ba a ajiye dabba, da wankakkun kaya, yana shan magungunansa yadda ya saba. In ƙirji ya saki a can, ya kuma sake kamawa da ya dawo, an san laifin na cikin gidan ne. Wannan bai isa ya nuna mage kai tsaye ba, domin gida na da masu laifi da yawa: kyankyasai, da ƙananan ƙwarin katifa da ido ba ya gani masu son danshi, da fumfuna a bango lokacin damina, da hayaƙin itace, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, ga kuma ƙurar hunturu. Abin da ke rarrabewa shi ne gwaji. A na fata, ana ɗiga ruwan kowane abin zargi a damtse ko sangalin hannu, a ɗan tsikara, a jira minti goma sha biyar. Inda jiki ke da ƙugiyar abin, wurin zai tasa kamar cizon sauro. Akwai kuma gwajin jini da ke auna IgE ɗin kai tsaye. Ba kowane asibiti ke yin su ba, sai an nemi manya. Gwajin ma shi kaɗai ba hukunci ba ne, domin akwai masu ƙugiyar da ba sa jin komai. Likita na haɗa sakamakon ne da labarin ciwon.

Idan ta tabbata magen ce, kusan kowane gida kan nemi tsaka-tsaki kafin ya sallama, kuma ya kamata a san iyakar kowace hanya. Yi mata wanka na rage furotin ɗin, amma kafin mako ya zagayo ya dawo inda yake, ga shi ba kowace mage ke yarda da ruwa ba. Hana ta shiga ɗakin mai ciwo na taimakawa, sai dai iska da tufafin mutanen gida ba su san wannan doka ba. Na'urar tace iska na rage na sama, ba ta taɓa na cikin kujera. A 2020 kamfanin Purina ya fito da wani abincin mage mai ɗauke da sinadari daga ƙwai da ke ɗaure Fel d 1 tun a baki, kuma binciken kamfanin ya ce yana rage shi da kusan rabi. Rabin abu mai yawa yana iya isar mai tsananin ciwo. Sai allurar sabo, wadda Leonard Noon ya fara a asibitin St Mary's na Landan a 1911: ana ba jiki abin da yake ƙi kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa, har ya daina ɗaukarsa abokin gaba. Tana ɗaukar shekara uku zuwa biyar, tana da tsada, kuma ba a fara ta ga wanda asmarsa ba ta lafa ba.

Batun kare ya ɗan bambanta a wurinmu, tunda karen Bahaushe na gadi ne ko farauta, a waje yake kwana. A Turai da Amurka, inda yake hawa gado, an gina kasuwa guda a kan karnukan da ake cewa ba sa tayar da bori. Iyalan Barack Obama sun zaɓi irin wannan a 2009 saboda 'yarsu Malia. Bayan shekara biyu masu bincike na asibitin Henry Ford a Ditiroit suka auna ƙurar gidaje sama da ɗari, ba su ga bambanci tsakanin masu irin waɗannan karnuka da masu sauran ba.

Rabuwar kanta fa, tana aiki? Wani ɗan ƙaramin bincike da aka buga daga Japan a 2005 ya bi masu asma ashirin da dabbobinsu ke tayar wa ciwo. Goma sun ba da dabbobin, goma sun ƙi. Bayan shekara guda ko fiye, waɗanda suka bayar bututun numfashinsu ya daina saurin harzuƙa sosai fiye da na sauran, buƙatarsu ga magani ta kuma ragu.

Akwai wani ciwon da ya fi kusa da mu, wanda ba a cika maganarsa ba, shi ne huhun mai tantabara. Charles Reed da abokan aikinsa suka bayyana shi a Wiskonsin a 1965. Hanyarsa daban ce da ta asma. Garin da ke jikin fuka-fukai da busasshen kashin tantabara kan wuce bututun numfashi ya kai can ƙarshe, cikin 'yan jakunkunan da iska ke haɗuwa da jini, ya kumbura su. Sa'o'i kaɗan bayan sharar ɗakin tantabara mutum ya ji zazzaɓi da sanyi da busasshen tari, washegari ya warware. A nan gida wa zai ce ba zazzaɓin cizon sauro ba ne? In kuma abin ya zo a hankali, da rama da haki, sai a yi ta neman tarin fuka. Ba dole sai mai kiwon ba, matar da ke sharar tsakar gida ma tana iya kamuwa. Idan aka ci gaba da shaƙa, huhu kan yi tabo ya ƙandare, tabon kuma ba ya gogewa. A wannan ciwo babu tsaka-tsaki: tsuntsayen su tafi, a kwashe tukwanensu da kashinsu, kuma wani ne zai yi kwasar da ƙyalle a hanci, ba mai ciwon ba.

A gefe guda kuma akwai inda ake korar dabba ba gaira ba dalili. Mai juna biyu kan ji cewa mage na ɓarar da ciki. Tushen maganar wata ƙwayar cuta ce, tokzoplasma, da ke fita a kashin mage, kuma tana iya illata ɗan tayi idan uwa ta kamu a karon farko tana da ciki. Sai dai mage kan fitar da ita ne na mako ɗaya zuwa uku bayan ta kamu, kuma ƙwayar ba ta iya harbi sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar. Naman da bai dahu ba, da ganyen da ba a wanke ba, da ƙasar lambu, duk hanyoyin kamuwa ne. Abin da hukumomin lafiya ke cewa shi ne wani ya riƙa kwashe kashin kullum, ita kuma ta kula da wanke hannu da dahuwar nama. Haka wanda garkuwarsa ta yi rauni saboda maganin kansa ko dashen ƙoda: babbar mage mai lafiya da aka raba da ƙuma galibi ba ta zama dole a kore ta ba. 'Yan ƙanana masu yawan yaƙushi, da 'yan tsaki, da kunkuru, su ake cewa ya nisanta.

Da aka jera waɗannan, ga inda ni na tsaya. Idan ciwon bai wuce atishawa da jan ido ba, gida na da sararin gwada dabaru, kuma mai ciwon ne ya kamata ya faɗi abin da zai iya ɗauka. Idan kuwa ana kwana asibiti, ko yaro na fashin makaranta saboda numfashi, ko huhu ya fara tabo, dabbar ta tafi, kuma mai gida ne zai ɗauki nauyin hukuncin da bakinsa. Na ga yadda Hajiya ta so ta haɗiye ciwonta don kada jikoki su riƙe ta a zuci. Bai kamata a bar mara lafiya da wannan zaɓi ba, bai kuma kamata a ce wa yara magen ta ɓata ba alhali da hannu aka miƙa ta.

Yadda ake rabuwar ma yana da nauyi. A Ingila akwai gidajen karɓar dabbobi, kamar na Battersea da aka kafa tun 1860. Mu abin da aka fi yi shi ne a jefa mage a buhu a kai ta bakin kasuwa ko mayanka a sake. Wadda ta tashi ana zuba mata abinci a kwano ba ta iya wannan rayuwa ba. Mu ne kuma muka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, muka san dalilin da ya sa ake kiran babban sahabi Abu Huraira. A nemo mata gida tukuna, a tabbatar babu mai asma a can. A haɗa ta da kwanonta da tsumman da take kwana a kai, domin da ƙamshi take gane wuri. A sabon gidan a tsare ta a ɗaki ɗaya da abinci da ruwa da ƙasar bayan gida, mako biyu ko uku, in ba haka ba za ta kama hanyar tsohon gida.

A Zariya, bayan an fahimci zancen watannin nan, aka naɗe kafet ɗin falo da na ɗakin Hajiya aka fitar. Aka sauya mata katifa da matashi, aka wanke labule, aka goge bango da jiƙaƙƙen tsumma. Aka daina shara da busasshiyar tsintsiya in tana ɗaki, aka kuma matsa mata kan abin shaƙa na rigakafi da likita ya rubuta, wanda da take ajiyewa sai ciwo ya tashi. Wajen wata na huɗu ta fara kwana har kiran assalatu ba ta tashi zaune ba. Magen tana gidan gwaggon yaran a Samaru, ta yi ƙiba, har ta haihu sau ɗaya. Duk Juma'a bayan masallaci sukan je su gan ta. In sun dawo, a zaure suke cire rigunan su zuba a bokiti, su yi wanka, sannan su shiga gaishe da Hajiya, ita kuma takan tambaye su ko 'ya'yan sun buɗe ido.